Yadda Ake Canza Hitar Motar Dizal Ba Tare da An Rasa Masu Turi Ba

Kai mai tsohuwar motar dizal, matso kusa. In motarka ta koma ba ta tashi da safe sai an tara maza an tura, ga magani ya zo har gida, kuma tabbacin da zan ba ka ɗari bisa ɗari ne. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, kada ka tsallake, kada ka riga ni. Kafin mako ya zagayo motarka za ta riƙa tashi bugu ɗaya, kuma ba za ka rasa ko mutum guda daga cikin masu tura ka ba. Na biyun nan shi ne mai wuya, shi ne kuma babu bakaniken da zai koya maka.

Kada ka tambaye ni takardar shaida. Shekara goma sha tara na yi ina tsayawa a bayan masu gyaran mota, hannuwana a goye, ina cewa "anya kuwa?" Ban taɓa riƙe sifana ba, saboda haka ban taɓa lalata motar kowa ba. In akwai bakaniken da zai iya faɗin haka, a kawo mini shi.

Darasin a kan maƙwabcinmu Baba Hatimi zan ɗora shi, don a gabana aka yi komai. Duk abin da ya yi, kai ma ka yi.

Mataki na 1: Ka samu mota mai ciwo da layi mai gangara

Fara da sanin abin da ke damunka. Motar dizal ba ta da tartsatsi irin na motar fetur. Iska take matsewa har ta yi zafi, man ya kama da kansa. To da sanyin safiya ƙarfe ya huce, sai ta nemi taimakon wasu 'yan sanduna masu tsayin fensir da ke ɗaure a kan injin, kowace silinda da tata. Kana murɗa makulli su yi jawur, su ɗumama ciki. Su ake kira hita. In sun mutu, injin sai ya yi ta gurnani ba ya kamawa.

Baba Hatimi shekara talatin da biyar ya yi a gidan waya yana buga hatimi a kan wasiƙun mutane, har yau in zai yanke magana sai ya dunƙule hannu ya buga sau biyu a kan duk abin da ke kusa. Ya yi ritaya, bayan shekara ɗaya matarsa ta rasu. Gidan ɗaki huɗu, ya rage daga shi sai rediyo, sai tsohuwar motar nan fara da ke kwana a ƙofar gida.

Kullum ƙarfe bakwai zai shiga ya murɗa. Gur, gur, gur, shiru. Gur, gur, shiru. Kafin na uku sai ka ga Tela ya fito da tef a wuya, Mai Aski ya tsallako daga shagonsa da tawul a kafaɗa. Ni ma ina fitowa, amma nawa aikin bayar da umarni ne, don ba a turi ba shugaba. Su biyun su dafa but, wato bayan motar, na ce "to, bismillah," motar ta gangara, daidai falwaya ta biyu Baba ya saki kuloci, ta yi tari, ta watso musu farin hayaƙi a fuska, ta kama.

Nan fa ba a watsewa. Baba ya ce sai injin ya ɗau zafi, sai a jingina da motar a yi minti ashirin, wani lokaci arba'in. A taɓa ƙwallo, a taɓa ciwon gwiwa, Tela ya kawo ƙarar masu kawo yadi ranar Laraba su ce suna so ranar Talata. Sannan Baba ya ja motarsa ya zagaya shataletale, ya sayi jarida, ya dawo. Mai jaridar nan tafiyar minti biyar ce a ƙafa, amma mai hankali ba ya tayar da wannan maganar.

Gaskiya ita ce, daga wannan hirar Baba ba ya sake jin an kira sunansa sai washegari. Ya san haka, kuma tun asuba yake duba agogo.

Mataki na 2: Ka haifi 'ya mai ilimi

Wannan mataki sai an fara shi da wuri, kamar shekara talatin kafin hitar ta mutu. In ba ka yi ba, ka makara, aro ta wani.

'Yar Baba nas ce a babban asibiti, kowa a layin Nas yake ce mata, shi kuma Uwata, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Watanni biyu kafin wannan labari ƙirjin Baba ya taɓa riƙewa, ya kwana biyu a gadon asibiti, tun daga nan ta sa masa ido.

Ranar wata Litinin ta biyo ba sanarwa. Aka yi rashin sa'a Tela ya makara, sai ta tarar da mahaifinta a waje, kafaɗa a jikin ƙofa, hannu ɗaya a sitiyari, yana taya Mai Aski turi yana haki. Ni kuma ina gefe ina kula da hanya. Ta ciro waya ta ɗauki bidiyon gurnanin da hayaƙin, ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya da ladabi, ta tafi.

Da yamma ta dawo ta ajiye ɗan kwali a kan bonet.

"Baba, na nuna wa bakaniken da ke duba motocin asibitinmu. Ya ce hita ce. Ga sababbi huɗu. Gobe a kai masa, awa ɗaya ya gama."

"Uwata, motar nan lafiyarta lau. Ba ta dai son a tashe ta da garaje."

"Asabar zan zo da sassafe," in ji ta. "In ta tashi da kanta bugu ɗaya, ka ci gaba da zamanka. In ba ta tashi ba, zan karɓi makullin, a sayar da ita, ka tattara kayanka ka dawo wurina. Na gyara maka ɗaki tuntuni."

Baba ya san ɗakin. Bene ne hawa na huɗu, tagarsa na kallon bangon wani benen. Ya taɓa yin mako guda a can, mutumin da ya fi daɗewa yana hira da shi mai kawo tukunyar gas ne. Ya buga bonet sau biyu.

"Ba bakaniken da zai taɓa mini mota. Ni zan canza da hannuna."

"Kai ka sani, Baba. Asabar dai."

Ka lura da tarkon da kyau, don kai ma a ciki kake. In motar ba ta gyaru ba, ya rasa gida da layi gaba ɗaya. In ta gyaru, babu dalilin da zai sa magidanta biyu masu sana'a su bar shagunansu ƙarfe bakwai su zo su tsaya da tsoho.

Mataki na 3: Ka zargi kowa banda mai laifi

Alamomin mutuwar hita a fili suke. Mota ta ƙi tashi da sanyi amma ta tashi lafiya da rana. Farin hayaƙi mai warin ɗanyen mai. In ta kama ta yi ta karkarwa na ɗan lokaci kafin ta daidaita. Wani lokaci 'yar fitilar nan mai kama da naɗaɗɗiyar waya a gaban direba ta yi ta ƙiftawa. Motar Baba duk ta haɗa, har da ƙari.

Saboda haka kada ka yi saurin yarda. Ƙwararre ba ya kama amsar da ke gabansa, sai ya zagaya.

Ranar Talata aka buɗe bonet, kawuna huɗu suka leƙa. Tela ya ce shi tun farko batir yake zargi. Aka kwance kawunan batir, aka kankare su da takardar yashi har suna ƙyalli, aka mayar. Batir garau. Mai Aski ya ce to ruwa ne a cikin man, ai masu gidan mai yanzu sai addu'a. Aka zuƙo mai a kwalba aka ɗaga wa rana, mutum uku suka yi ta juya ta. Mai tas. Ni na ce a duba iskar taya. Suka dube ni, na ce a ilimin mota komai haɗe yake da komai, aka duba.

Abin da ya kamata a duba da gaske shi ne fiyus ɗin hita, don in shi ya ƙone, duka huɗun ba za su samu wuta ba ko da lafiyarsu lau. Baba ya zaro shi yana fatan ya ga baƙi. Fiyus fes, kamar jiya aka saya.

"Kash," in ji Tela, sannan ya yi gyaran murya. "Wato, madalla."

Baba ya ɗago ya dube shi. Tela ya duƙufa yana naɗe tef ɗinsa.

Mataki na 4: Aro mita a wurin wanda bai so ya ba ka

Mai Aski yana da mitar gwada wuta, da ita yake duba injinan askinsa. Da aka tambaye shi ya ce batirinta ya mutu. Baba ya ciro na rediyonsa. Mai Aski ya ce wayarta ɗaya ta tsinke. Tela ya ce ai jiya ya gan shi yana aiki da ita. Mai Aski ya yi masa wani kallo, ya je ya ɗauko.

Ga yadda ake yi. Kashe mota, cire makulli, cire baƙar wayar batir. Zare 'yar hular wayar da ke kan kowace hita. Juya mitar zuwa inda take auna yadda wuta ke ratsa abu. Ɗora baƙin tsinke a jikin injin inda ba tsatsa, jan kuma a kan hitar. Mai rai za ta nuna lamba ƙarama, wajen ɗaya. Matacciya ba ta nuna komai, mitar sai ta yi kamar ba ta taɓa abu ba.

Kada ka manta da fuska. Ko ka gane lambar ko ba ka gane ba, ka tsuke baki ka ce "hmm." Rabin aikin bakanike ke nan, sauran rabin baƙin mai ne a riga.

Ta farko matacciya. Ta biyu matacciya. Ta uku ma haka. Da aka zo ta huɗu, ta can lungu, sai mitar ta nuna ɗaya cif. Baba ya daɗe yana kallonta.

"Ashe ita kaɗai ke ta fama," ya ce. "'Yan'uwanta duk sun tafi, ita kullum sai ta tashi ta yi ja, ba wanda ya sani."

"A bar ta mana, Baba," in ji Mai Aski.

A nan dole na sa baki da ilimina. Hita tare ake canza su, don wadda ta ga mutuwar uku ita ma tana hanya. Baba ya ce ya ji. Amma ya ce in an ciro ta kada a jefar, shi zai ajiye, kuma ba wanda ya yi dariya.

Mataki na 5: Fesa mai, ka jira, ka ƙara jira

Wannan shi ne matakin da na fi ƙauna, don ba a yin komai a cikinsa. Hita da ta shekara goma a ɗaure ta riga ta zama 'yar gida, ba ta fita da faɗa. Sayo man feshin nan mai sassauta tsatsa, ka fesa a gindin kowacce, ka bar shi ya ratsa. Masana sun ce kwana ɗaya ya isa.

Baba ya fesa ranar Laraba. Ranar Alhamis ya taɓa da yatsa ya ce bai ratsa ba, ya ƙara. Tela ya sunkuya ya shinshina ya ce lallai da saura. Mai Aski ya kawo shawarar a ba shi mako biyu, a roƙi Nas ta ɗaga ranar. Baba ya kira ta a gabanmu, ya fara bayani a kan halin tsatsa.

"Asabar, Baba," muka ji ta ce, ta kashe.

A kwanakin nan an ci gaba da turi kamar kullum, an mayar da wayoyi kowace safiya an sake cirewa. Ranar Juma'a kuwa turin ma dole ne, don ana son injin da ɗan ɗumi kafin a kwance hita, ƙarfe ya saki jiki. Ka tabbata ɗumi ne, ba zafin da zai gasa maka hannu ba.

Ban taɓa ganin turi irin na ranar ba. Tela ya zo da sabuwar riga. Suka dafa but suka tafi a hankali, har sai da na ce ko gawa aka ɗauko a ɗan ɗaga ƙafa. Aka wuce falwaya ta biyu Baba bai saki kuloci ba. Aka wuce ta uku. Sai da gangarar ta kusa ƙarewa ya saki, ta yi tarinta, ta ba su hayaƙinsu. Mai Aski bai ko kare hanci da tawul ba.

Mataki na 6: Kwance da lallashi

Saurara da kyau, nan ne ake kuka. Hita siririya ce, in ka sa mata ƙarfi sai ta karye, rabi a hannunka rabi a cikin injin. Daga nan sai gareji, sai an sauke kan injin gaba ɗaya, sai mota ta yi mako uku a kan duwatsu. Wato ga Baba, karyewar hita ɗaya daidai take da hawa na huɗu.

Cire wayar batir tukuna. Share ƙurar gindin kowacce don kada ta faɗa ciki. Samu doguwar soket, wato bakin sifana mai rami, daidai kanta, ka riƙe sifana kusa da wuya, ba can ƙarshe ba. Juya kaɗan, ka dawo kaɗan, ka fesa, ka sake.

Ta farko ta fito salin alin, bakinta baƙi ƙirin ya kumbura. Ta biyu ta ɗan yi gardama ta biyo. Ta uku ta juya rabin zagaye, ta yi wata ƙara, ƙiii, ta tsaya cak.

Baba ya ji ƙarar har cikin haƙoransa. Hannunsa na dama, wanda ya saba gama kowace matsala da bugu biyu, ya fara dunƙulewa da kansa. Zufa ta keto masa. A ransa yana ganin tagar nan mai kallon bango.

"Baba, sakar mini," in ji Tela a hankali. "Wannan ba aikin hatimi ba ne. Zif ɗin da ya ci yadi ba a fizgarsa."

Ya karɓi sifanar da yatsu uku. Ya mayar da hitar ciki kaɗan, Mai Aski ya fesa, aka jira. Ya dawo da ita kaɗan, aka fesa, aka jira. Minti arba'in ana wannan rawar, ba mai magana sai ni, ni ma "a hankali dai" kawai nake cewa, wanda shi ne ainihin abin da ya ceci aikin. Can sai ta saki, ta fito ɗungurungum, ba ta bar komai a ciki ba.

Baba ya sauke ajiyar zuciya ya zauna a kan dakali. Ya yi murna, kuma ya ji haushin murnar, don mutumin da ya ceto masa gidansa shi ne dai ya kashe musu hirar safe da hannunsa. Tela ma da alama lissafin da yake yi ke nan, don ya daɗe yana goge yatsun da ba su da datti.

Ta huɗu, mai ran, ko gardama ba ta yi ba. Baba ya naɗe ta a hankici ya sa a aljihu.

Mataki na 7: Ɗaura sababbi, ka kori shaiɗan

Gwada sabuwa da tsohuwa gefe da gefe, ka tabbata tsayinsu ɗaya. Sa ta a ramin da yatsa, ka murɗa da yatsa har ta zauna. In ta ƙi tafiya da yatsa, ta hau a karkace, fito da ita ka sake. Sai a ƙarshe za ka sa sifana ka ɗan matse, ɗan kaɗan, kamar rufe murfin kwalbar da kake son buɗewa gobe.

A daidai nan shaiɗan zai zo maka, ya zo wa Baba ma. An ɗaura biyu, saura biyu a kwali. Ya tsaya da su a hannu.

"Yanzu in mutum ya sa sababbi biyu, ya mayar da matattu biyu," ya ce, kamar mai tambaya don wani, "me zai faru?"

Na yi masa bayani a ilmance cewa zai samu rabin lafiya. Wata rana ta tashi, wata rana a tura. Mai Aski ya ce wannan ai shi ne adalci, kowa ya samu. Tela ya tambaya, to Asabar a wane rabin za ta faɗo?

Ba Asabar ce ta tsayar da Baba ba. Fuskar 'yarsa ya tuna, ranar da ta same shi yana haki a jikin ƙofa. Ya ji kunya ta rufe shi. Ya ɗaura ta uku, ya ɗaura ta huɗu, ya mayar da hulunan waya, ya haɗa batir, ya rufe bonet. Bai buga shi ba.

Kada ka gwada a lokacin. Injin mai ɗumi ko ba hita zai tashi, ba abin da zai nuna maka. Jarrabawar sai da sanyin safiya. Kowa ya tattara kayansa, aka yi sallama a tsaitsaye, Mai Aski har ya manta mitarsa.

Mataki na 8: Ci jarrabawa

Nas ta iso bakwai saura kwata. Ta durƙusa ta gaida mahaifinta, ta tashi ta ɗora tafin hannu a kan bonet, sannan ta zagaya ta taɓa salansa, don ta san wanda ya haife ta. Sanyi ƙalau.

Baba ya shiga. Murɗa makulli rabi, ka jira 'yar fitilar nan ta mutu, sannan ka ƙarasa. Ya jira, ta mutu, ya murɗa.

Bugu ɗaya. Ba tari, ba hayaƙi, ba karkarwa. Injin ya kama yana tafiya sumul, abin har da ban haushi.

Nas ta rufe baki da hannu, idonta ya kawo ruwa. Ta sunkuya ta taga.

"Baba, ba motar nake ƙi ba, ba kuma gidan ba. Kullum tunanina, in ƙirjin nan ya sake tashi, a ce sai an nemo masu turi kafin a kawo ka. Shi ke hana ni sukuni."

"Na sani, Uwata."

"Ka yi zamanka. Amma ka yi mini alkawari, ba za ka sake taɓa mata komai ba, kuma ba za ka sake sa kafaɗa ba."

Ya yi alkawari. Ta shiga gida ta duba magungunansa, ta auna jininsa, ta tafi da fara'a. Baba ya ci jarrabawa, gida nasa, mota tasa. Tela ya ɗaga masa hannu daga bakin shago, Mai Aski ya ce "barka, Baba" daga tsallaken titi, kowa ya koma ciki. Ya zagaya shataletale ya dawo, duka-duka minti shida. Ranar Lahadi bai fito ba sam, rediyonsa kawai muke ji.

Mataki na 9: Litinin

Ƙarfe bakwai Baba ya fito da hularsa, ya shiga, ya jira fitila, ya murɗa. Ta tashi. Ya zauna yana sauraron lafiyayyen injin nan, zuciyarsa ba daɗi. Ba shi da abin jira, ba shi da dalilin tsayawa. Ya sa giya ya fara gangarawa.

Sai ya duba madubi. Tela na tsaye a bakin shagonsa, ya riga ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu. Mai Aski ya kai tsakiyar titi da tawul a kafaɗa, ya tsaya, bai ci gaba ba bai koma ba, yana ta kallon ƙasa kamar ya yar da wani abu. Ba wanda ya kira su, ƙafafunsu ne suka fito da su.

Baba ya taka birki. Ya yi alkawarin ba zai taɓa mata komai ba, kuma bai taɓa ba. Makulli kawai ya murɗa baya. Layin ya yi tsit, duk mun ji ƙarar makullin, har mai shagon da ke can ƙarshen layi ya ji.

Ya leƙo ta taga, fuskarsa ba alamar wasa.

"Ta mutu," ya ce.

Tela ya dubi Mai Aski. Mai Aski ya gyara tawul.

"Ai na faɗa," in ji shi. "Sababbin kayan nan na yanzu ba su da ƙarko."

"Ni har yanzu batir nake zargi," in ji Tela, yana tahowa. "Zauna abinka, Baba, kada ka sauko."

Suka dafa but. Na ce "to, bismillah." Daidai falwaya ta biyu ta kama, ba hayaƙi ko ɗigo, amma Mai Aski ya yi tari sau biyu don mutunta al'amarin. Baba ya ce sai injin ya ɗau zafi, aka jingina. Ranar sai da aka yi awa guda.

Wanke hannu

Duk wanda ya bi matakan nan, shi ya jiyo. In hitarka ta karye a ciki, ban san ka ba. In ka kashe motarka a tsakiyar layi ka leƙo ka ga ba kowa, wannan ba matsalar hita ba ce, kuma ba ni na zaɓa maka maƙwabta ba. In bayan wani ya riƙe garin turin lafiyayyiyar mota, ya nemi mai motar. In kuwa takardar nan ta faɗa hannun Nas, ranki ya daɗe, ni wucewa kawai nake yi, ban ga komai ba, ban ji ƙarar kowane makulli ba.

Abu ɗaya zan iya rantsewa a kai. Hitocin nan huɗu sababbi ne, lafiyarsu lau. Ranar da ƙirjin Baba ya sake tashi, Allah ya nisanta, motar za ta kama bugu ɗaya. Tela ya koyi tuƙi a watan jiya ba wanda ya sa shi, Mai Aski kuma ya san ƙusar da ake rataye makullin.